Wankin da Muka Kai Gidan Ruwa

Tun da na dawo daga Makka ba a bar ni na huta ba. Da an fita tara a makarantar da nake koyarwa, sai malamai mata su kewaye ni. Babu mai tambayata yadda na yi ɗawafi ko yadda na ga Madina. Tambayar ɗaya ce: "Malama Talatu, wai da gaske kin hau zamiya kin faɗa ruwa?" Malama Rabi ta fi kowa naci, don ƙanwarta da ke Abuja tana son kai yara irin wurin nan na wasan ruwa mai rufi, inda iyali ke zuwa har su kwana, ita kuma tana son jin ko ya cancanci wahalar. Kullum ina cikin ba su labarin sai a buga ƙararrawa, in tsaya a inda ake dariya. To yau zan faɗe shi har ƙarshe, kowa ya ɗauki abin da ya ga zai ɗauka.

Da farko dai ba wasan ruwa ne ya kai ni ba, ba kuma Umara kaɗai ba. Yayata na je ɗaukowa. Yaya Hansatu ta bar Wudil tana amarya, ta bi mijinta Malam Bala, tela ne da ya zauna a Makka. Yana ɗinki a unguwar Tandabawi, in aikin Hajji ya zo ya tafi Mina yana nuna wa alhazai hanyar tantinsu. Sun fi shekara talatin tare. Da Allah ya yi masa rasuwa, Yaya ta gama takaba amma ba ta fito daga ɗaki ba. Shekara ta zagayo tana zaune. 'Yarta Nawal, wadda ke aiki a wani ɗakin shan magani a can, ita ta kira ni a waya tana kuka, da Hausarta mai ɗingishi.

"Hala, Umma ba ta magana. Ba ta ci. Likita ya ce jiki lafiya. Ni ban san yaya zan yi ba."

Hala, haka suke kiran ƙanwar uwa a can. Babban yayanmu, Yaya Sule, ya tara mu aka yanke magana: a dawo da ita gida, cikin danginta, ko iskar garinsu za ta tashe ta. Nawal ta amince ba don ranta ya so ba. Ni aka zaɓa, don ni ce mai bi mata, kuma kowa ya san tun muna yara ba a ganin ɗayarmu ba ɗaya. Ban ɓoye ba, na yi murna. Na gaji da kewar Yaya, ina son in tsufa ina jin tarinta a ɗakin kusa.

Yaya Sule ne ya raka ni Kano a motar haya, yana ta jaddada mini abu ɗaya tun daga gadar Wudil har filin jirgi: kada in yarda in dawo ni kaɗai. Jakata kuwa rabinta tsarabar baki ce: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji da busasshen kifin koginmu. Na naɗe daddawar a leda uku, amma duk da haka wata Hajiya da muka bi layi tare ta dinga shinshina iska tana waige-waige. Goro kam a nan na raba shi sadaka, don an ce ba a shiga da shi.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Da ya ɗaga sai na riƙe hannun matar da ke kusa da ni, wata 'yar kasuwa mai haƙorin gwal wadda ta ce wannan ne zuwanta na goma sha wani abu. Ba ta ƙwace ba, sai dai ta ce, "Baiwar Allah, in kin gama da hannun zan ci abinci da shi."

A Jidda na fara shan kunya. Kafin in taso, maƙwabtana sun zauna sun yarfa mini lalle baƙi wuluk har kan yatsu, wai kada in je garin Manzo hannu fari. Da na zo gaban jami'in da ke duba fasfo, ya ce in ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi. Na ɗora, na'urar ta ƙi. Ya fesa mini wani ruwa, na goge, na sake, ta ƙi. Ya ɗaga hannuna ya duba, ya yi wata magana da Larabci, na kusa da shi ya kwashe da dariya. Aka tsayar da ni gefe tare da wasu mata biyu 'yan Nijar masu irin laifina, muna ta murza yatsu a jikin hijabi. Sai a karo na bakwai ta karɓa, shi ma da ɗan ƙaramin yatsa da lallen bai kama sosai ba.

Nawal da mijinta Abdallah suka tarbe ni. Hoton Nawal kawai na sani, amma da ta taho sai na ga tafiyar Inna mahaifiyarmu sak, har yadda take ɗan karkata kafaɗa. Na rungume ta ina hawaye tana ta cewa, "Ahlan, Hala, ahlan." Suka wuce da ni Harami na sauke Umarata, sannan muka nufi gida.

Gidan yana Mansur, don tsohuwar unguwarsu ta Tandabawi an rushe ɓangarensu. Wanda bai je Mansur ba ba zai yarda ba: kana saukowa daga mota za ka ji ana cinikin fura da Hausa, ga mai tsire, ga mai waina, ga yara baƙaƙe kamar namu suna faɗa da Larabci tsantsa. Na ce wa Nawal ai wannan Fagge ce aka ɗauko aka dasa a tsakanin duwatsu. Muka hau bene hawa uku, ina haki.

Yaya tana zaune a kan katifa a ƙarƙashin na'urar sanyi, ta jingina da bango. Wadda na sani mace ce mai jiki, mai murya, wadda in ta yi dariya a bakin kogi sai masunta su waigo. Wannan da na tarar ta tsotse, idanunta sun faɗa. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce Tala." Ta dafa kaina ta ce, "Kin zo?" Shi ke nan. Ba ta tambayi Yaya Sule ba, ba ta tambayi kowa ba.

Kwana biyu na bari, sannan na gaya mata abin da ya kawo ni. Na shirya dalilai tun a jirgi, don na san Yaya da gardama. Ban ma kai ga na biyu ba ta ce, "To."

"Yaya, gida fa nake nufi. Wudil. Gaba ɗaya."

"Duk yadda kuka yi."

Na kira Yaya Sule na yi masa albishir, ya yi ta hamdala. Amma ni jikina ya yi sanyi. Matar da ko gishirin miya ba a sa mata sai da shawararta, yau an ce ta bar garin da ta yi rayuwarta ta ce to. Nawal ta fara bin takardun fita, tana dawowa daga aiki da jajayen idanu. Na yi tuwo da miyar kuka da kifin da na kawo, har maƙwabta suka aiko a sam musu. Yaya ta yi loma uku ta wanke hannu.

A mako na biyu aka ba yara hutu. Nawal tana da 'ya ɗaya, Jud, 'yar shekara shida mai surutun tsiya, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ba na so" ba. Tun tuni an yi mata alkawarin kai ta wani gidan ruwa a gefen Jidda. Nawal ta yi mini bayani: wuri ne babba mai rufi, rana ba ta taɓa mutum, akwai ɗakunan kwana, kuma akwai ranar da mata zalla ke shiga. Ta ce in zo mu je. Uwarta kuwa ta san ba za ta je ba.

Na gwada duk da haka. Yaya ta ɗago ta dube ni, ta yi magana mafi tsawo tun zuwana: "Da girmana in je wasan ruwa? Mace ta tashi takanas ta tafi ruwa don wasa?"

Wannan maganar ba tata ba ce, ta Inna ce. A gidanmu 'ya mace ba ta zuwa kogi hannu rabbana. Sai da dalili, dalilin kuma wanki ne. In kin je da ƙunshin wanki a ka, kin wanke kin shanya a kan yashi, to kafin kaya su bushe kogin naki ne, ki yi ta iyo har idonki ya yi ja, babu mai ce miki don me. In babu wanki babu kogi. Shi ya sa ni da Yaya muka ƙware wajen ƙirƙirar datti. Mun sha tsoma wankakken zanen Inna a toka don mu sami na kaiwa, kuma ina zargin Inna ta sani.

Da safiyar tafiya na bi ɗakuna na tattara zannuwana biyu, da 'yan rigunan Jud, da mayafin Yaya. Na shimfiɗa zane na ƙulle su, na cusa sabulun salo da soson da na zo da su. Na ɗora a ka, na tsaya a ƙofar ɗakinta, na ce da muryar da ban yi amfani da ita ba shekara arba'in:

"Yaya, tashi. Inna ta ce mu kai wanki kafin rana ta yi."

Ta daɗe tana kallon ƙunshin. Har na fara jin na yi wauta. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta ce wa Nawal, "Miƙo min abayata." Nawal ta tsaya baki buɗe, sai da na harare ta sannan ta ruga.

A nan ne nake son ku fahimce ni, don masu dariya suna cewa dabara ce kawai na yi. Rabi dabara ce, rabi kuwa da gaske nake. A raina na ce wurin da aka tara ruwa mai yawa haka, ai ba za a rasa ɗan gefen da mutum zai ɗauraye zane biyu ba. Nawal ta so ta hana ni fita da ƙunshin, ta dubi uwarta da ke tsaye da abaya, ta ƙyale ni.

Abdallah ne ya tuƙa mu. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, kuma ba abin kallo sai duwatsu. Jud ta yi ta tsalle a baya. Yaya ta ɗora ƙunshin a cinyarta ta riƙe shi da hannu biyu har muka isa. Abdallah ya sauke mu a ƙofar mata ya tafi nasa wuri.

A bakin ƙofa akwai mata masu gadi da ke bincika jaka. Abu na farko, suka karɓe wayoyinmu, don ba a yarda a ɗauki hoton kowa a ciki ba. Wannan ya burge ni. Sai wata doguwa baƙa a cikinsu ta nuna ƙunshinmu. Na kwance. Ta ɗaga zane, ta ɗaga soso, ta ɗauki sabulun salo ta shinshina. Sai ta dube ni ta ce da Hausa, "Ya Hajja, wannan esh? Wanki za ki yi?"

Ashe jikar Hausawa ce, haifaffiyar can. Na ce eh, ɗan kaɗan ne, ba zan ɓata musu ruwa ba, a can ƙarshe zan tsuguna. Ta riƙe ciki. Ta kira 'yan uwanta tana fassara musu, su ma suka fashe. Ta ce rabonta da ganin sabulun nan tun kakarta na da rai. Amma mamnu'u, wato an hana. Kunya ta rufe ni, na fara tattara kayana.

Sai na ji murya a bayana. Yaya ce. Ta matso ta buɗe wuta da Larabci, hannu a ƙugu, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ban ji ko kalma ba, amma na san wannan tsayuwar, ita ce wadda take yi in wata ta taɓa ni a makarantar allo. Daga baya Nawal ta fassara mini: wai baƙuwa ce ta zo daga nesa, ƙanwarta ce, malamar makaranta ce, in akwai doka a faɗa mata da ladabi, ba a tsaya ana wage mata haƙora ba. Masu gadi suka shiga ba da haƙuri. Doguwar ta sumbaci kan Yaya, ta ce za ta ajiye mana ƙunshin a wurinta har mu fito. Nawal ta matse hannuna har sai da na ji zafi.

Ba a gama ba. Zane ɗaurin ƙirji, wanda da shi muka yi iyonmu duk ƙuruciya, shi ma an hana. Dole muka sayi wasu kaya masu santsi a shagonsu, riga da dogon wando, masu kama jiki. Nawa ruwan hoda ne. Da na duba madubi na ce wa Nawal in ta kuskura ta ba da labarin nan a Wudil ban yafe ba. Ga shi yau ni ke tona kaina.

Cikin wurin kuwa, abin da ya fara dukana wari ne, irin na maganin da ake zuba wa ruwan famfo, sai kuma ƙara. Rufin yana can sama, ihun yara da na manya yana bugunsa yana dawowa. Ga bututai masu launi sun murɗe daga sama sun sauko. Ga wani tafki da ake busa ƙaho sai ya fara igiyar ruwa da kansa. Ga wani rafin ƙarya da ke zagaya wurin a hankali, mutane na kwance a cikin tayoyin roba yana tafiya da su. Abin da ya fi ba ni mamaki matan ne. Waɗannan da kake gani a titi baƙi ƙirin, ba ka jin ko tarinsu, ga su nan tsofaffi da 'yan mata suna ihu suna ture juna. A wurinmu mace ta haifi uku ta gama da wasa a bainar jama'a. Su sun gina wa wasan ɗaki sun kulle ƙofa.

Yaya ta samu kujerar roba a bakin rafin ta zauna, ta ce ita kallo za ta yi. Jud ta ja ni zuwa matakalar bututu. Ina hawa ina salati. A sama wata ma'aikaciya ta nuna mini in kwanta in harɗe hannu, kafin in ce ina son in sake shawara ta tura ni. Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, don idona a rufe yake. Na dai san na kira sunan Inna, wadda ta shekara ashirin a kabari, na kuma faɗo kamar buhun gero, na sha ruwan maganin nan har ta hanci. Jud ta ce mu sake. Na ce mata da Hausar da take ji, "Ba na so."

Na nemi taya na shige, na bar rafin ƙarya ya ɗauke ni. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Rabona da shiga ruwan da ya wuce gwiwa tun kafin aurena. Ina tafe ina rungume da tayar nan, sai rafin ya kawo ni daidai ƙafar Yaya.

"Ke Tala."

"Na'am, Yaya."

"Mene ne wannan a ƙugunki?"

"Taya ce. Kowa da ita yake shiga."

"Kowa ɗan Wudil ne? Ruwan da bai kai miki ƙirji ba? Ke da na koya wa tsallaka kogi ranar kasuwa, ruwa na jan shanu?"

"Yaya, na manta."

"Ba a mantawa. Cire abin nan kada ki ja mana zagi."

Rafin ya wuce da ni. Kafin in sake zagayowa, kujerar ba kowa. Na shiga waige-waige. Sai na hango kai mai furfura a tsakiyar babban tafkin, yana tafiya yana yanka ruwa a karkace, hannu ɗaya na miƙewa ɗaya na ja, irin iyon matan bakin koginmu. Ta je ƙarshe ta juyo. Numfashinta bai kai na da ba, ta tsaya ta dafa gefe tana haki, amma ta ɗaga mini hannu: zo.

Na cire tayar na je. Ta sa tafinta a ƙarƙashin cikina kamar yadda ta yi ina 'yar shekara bakwai, ta ce in saki jiki. Na saki. Ashe da gaskiyarta, ƙafafuna sun tuna abin da kaina ya manta.

Muna tsaye ruwa iya ƙugu, sai ta kumbura tafin hannunta ta doki ruwan. Ya ce bum. Ta sake da ɗayan hannun. Gangar ruwa ce, wadda 'yan mata ke yi in an gama wanki: ɗaya ta riƙe babban bugu, ɗaya ta dinga cike tsakani. Hannuna ya shiga da kansa. Muka yi ta yi, tsofaffi biyu cikin kaya masu santsi, rufin yana dawo mana da sautin ninki biyu. Matan Larabawa suka kewaye mu suna tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Mai kula da tafkin ta busa usur, ta ga ba faɗa ake ba, ta sauke. Jud ta kutso tana dukan ruwa barkatai tana fesa wa kakarta a fuska. A nan Yaya ta yi dariya, irin tata ta da, har da jefa kai baya. Nawal na tsaye a gefe da tawul a hannu tana kuka ba ta ko ɓoyewa.

Ɗakin da muka kwana tsaf yake, sai dai sanyin na'urar ya yi yawa kuma mun rasa inda ake rage shi, sai da muka lulluɓa da labule. Abincin wurin bai kai kuɗinsa ba: kaza soyayya da dankali, da wata shinkafa mai launi wadda ba ta san yaji ba. Yaya ta cinye nata ta jawo rabin nawa, tana ci tana kushewa. Da safe aka kawo wake dakakke da faffaɗan burodi mai zafi, wannan kam ya yi daɗi. Wankinmu muka karɓo shi yadda muka kai shi, Nawal ta zuba a inji da muka koma.

Bayan mun dawo Makka, kullum da abin da ke dawowa a jikin Yaya. Ta fara da gyara wa Nawal miya. Ta sauka bene da kanta ta sayo ganye, muka yi awa biyu a hanyar da ba ta fi taku ɗari ba, don kowane shago sai an fito an gaishe ta. "Ummu Nawal, ina kika shiga?" Wata tsohuwa mai sayar da fura ta rungume ta ta ƙi saki. Ta kai ni Harami ta hanyoyin da ba cunkoso, ta nuna mini inda gidansu na Tandabawi yake a da, yanzu fili ne da motocin gini. Ta fara koya wa Jud ƙirga da Hausa. Ni kuwa ina ta murna, ina cewa a raina lafiyayyar mace zan kai wa Yaya Sule.

Saura kwana uku mu tashi, da hantsi, na jawo akwatinta na fara ninke mata kaya. Tana zaune tana tsince shinkafa a faranti.

"Tala, mayar da kayan nan."

"Wasu za ki sa a ciki?"

"Ba zan je ba."

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Yaya, ke kika ce to."

"Lokacin da na ce to, ko rami kuka ce in shiga zan ce to. Yanzu kuwa da hankalina." Ta ajiye farantin. "A nan na haihu, a nan na binne biyu, a nan Malam yake kwance. Ko ba a barin mu shiga maƙabarta, in mota ta bi ta wajen na san gefen da zan juya in yi masa addu'a. Yarinyar nan Nawal ba ta da kowa sai ni. Jud ta kai bakwai a ƙirga. In na tafi wa zai kai ta goma?"

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na ce mu fa, mu ba kowa ba ne? Na ce shekara talatin ina jiran ta. Na faɗi maganganun da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayarta ba, har da cewa da na sani da na bar ta a kan katifarta, da tare za mu hau jirgi. Ba ta yi fushi ba. Ta matso ta kama hannuna, lallen duk ya koɗe.

"Da kin kai gawa mai numfashi, Tala. Ke kika tashe ni. Kada ki yi da-na-sanin wannan."

Muka yi kukanmu, sannan ta ce in tashi in ɗora ruwa, shinkafa ba za ta dafa kanta ba.

To Malama Rabi, ga amsarki. Ruwan yana wari, abincin ba daɗi, ƙarar tana sa ciwon kai, kuma rafin da inji ke turawa ba zai taɓa zama kogi ba. In yara kawai za a kai, za su ji daɗi, su manta bayan sati. Amma in akwai wani babba a gidan da ya daɗe bai yi dariya ba, a lallaɓa a tafi da shi. Sai dai a sani, wanda ya farfaɗo da ra'ayinsa yake farfaɗowa, ba lallai ya zama irin naki ba.

Ban iya gaya wa Yaya Sule a waya ba. Da na fito daga filin jirgi a Kano na hango shi cikin masu tarba, ya sha babbar riga, ya zo da mota shata guda saboda kayan mutum biyu. Ina matsowa yana leƙen bayana. Na gaishe shi bai amsa ba, idonsa na kan ƙofa, har mutanen jirginmu suka gama fitowa.

"Ina Hansatun?"

"Tana Makka, Yaya."

Fuskarsa ta canza. Ya rage murya. "Jikin ne ya tsananta?"

Na ce, "A'a. Warkewa ta yi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya ce alhamdu lillahi. Ya ɗauki jakata ya yi gaba. Muka shiga motar nan mai kujeru da yawa mu biyu, muka kama hanyar Wudil.